Zabon Daji da Sauran Maƙwabtan da Ke Gefen Gona

A ƙasar da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ba mutane da bisashensu kaɗai ke zaune ba. Daga inda dangar ƙarshe ta garin Wurma ta tsaya har zuwa gindin duwatsu da bakin rafuka, akwai masu fukafukai da masu ƙafa huɗu da masu jan ciki, kowane da lokacin fitarsa da abin da yake ci. Galibinmu ba ma waiwayarsu sai sun yi ɓarna, ko kuma in miya ta rasa nama. Alhali wanda ya saba kallonsu a natse yana samun labarin damina da na lafiyar ƙasarsa tun kafin rediyo ta faɗa masa.

A fara da zabon daji, don yana cikin manyan tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa kusa da gonaki. Shi ne asalin zabin da muke kiwo a gida, kuma a nan Afirka ta Yamma aka fara sabar da shi da mutane. Da rani zabin daji garke suke yi. Suna kwana a kan itace mai tsayi, su sauko da sassafe su nufi ruwa a jere, sannan su bazu cikin sauran kara suna tonon hatsin da ya zube da 'ya'yan ciyawa da gara da fara. Rana na yin zafi sai su shige inuwar sabara ko geza, su yi birgima a ƙura don kakkaɓe ƙwarin jikinsu. In ka tsaya nesa za ka lura ba duka ke sunkuyar da kai a lokaci guda ba, kullum akwai wanda wuyansa ke miƙe. Kuma tashi sama ba shi ne farkon dabararsu ba, gudu ne, sai an matsa musu suke buɗe fiffike. Ko daga kuka ana rarrabe su: zabuwa ce ke maimaita kuka mai gaɓa biyu, namiji kuwa gaɓa ɗaya yake yi.

Ruwa na sauka garken ya watse, su koma bibbiyu. Zabuwa takan ɗan tone ƙasa a cikin ciyawa mai duhu, sau da yawa a gindin gamba ko ƙaya a kan iyakar gona, ta zuba ƙwai, ta yi kwanci kusan kwana 26 zuwa 28. Wannan wata guda shi ne lagonta. Lokacin ne ake noma, lokacin ne yara masu kiwo ke tsintar ƙwai, lokacin ne kuma yanzu ake feshin maganin ciyawa har kan iyaka. 'Ya'yan da suka tsira suka ƙyanƙyashe ƙwari suke ci a makonninsu na farko, saboda haka gonar da aka feshe ta tas ba ta da abin ba su. A ganina wannan ya fi bindigar maharbi rage zabi, domin maharbi ɗaya-ɗaya yake ɗauka, rashin wurin kwanci kuwa zuriya guda yake sharewa. Fakara ma, wadda ke hawa kan suri da asuba tana kuka da kakkausar murya, a ƙasa take ƙwai, don haka ƙaddararsu ɗaya.

Akwai darasi a labarin talotalo. Wanda muke gani a gidaje da kasuwanni asalinsa tsuntsun daji ne na Arewacin Amurka. Mutanen Meziko suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu. Na dajin kuwa farauta da saran itace sun kusa ƙarar da shi, har wasu suka ƙiyasta cewa wajen shekarun 1930 bai wuce 30,000 ba a duk Amurka. A 1937 aka yi dokar da ta mayar da harajin bindigogi da harsasai asusun kula da namun daji. Da farko an gwada ƙyanƙyashe tsuntsayen a keji a sake su a daji, sai suka yi ta mutuwa, don ba su tashi a bayan uwar da za ta koya musu gudu da neman abinci ba. Sai a shekarun 1950 aka koma kama na dajin da raga ana kai su inda suka ƙare. Zuwa farkon shekarun 2000 sun kai kusan miliyan 7, har suna shiga unguwanni suna tare wa motoci hanya, mutane na kallonsu ta taga. Abin lura a nan shi ne, zabin gida, komai yawansu, ba za su maye gurbin na daji ba in ya ƙare. Kiwo ma ya riga ya rage wa zabuwar gida kwanci, shi ya sa muke sa wa kaza ƙwanta.

Wasu tsuntsayen kuma kalanda ce. Shamuwa ba ta zuwa sai damina ta gabato, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari ba tare da tsoron kowa ba, don iyayenmu ba su yarda a taɓa ta ba. Ba tsafi ba ne zuwan nata. Ruwa take bi saboda fara da tsutsa: in damina ta ƙare a nan sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka inda tasu daminar ke farawa, ta dawo wajen watan Mayu. Kowace fara da ta haɗiye, an rage wa gero abokin gaba. Da kaka kuma baƙi ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, mafi yawansu ƙanana da ba su cika tafin hannu ba. Wanda ya je bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, zai ga wasunsu da rani tare da zalɓe da balbela.

Na ƙasa ba su da wuyar gani in an san lokacinsu. Kurege da hantsi yake fita, ya tsaya da ƙafa biyu yana leƙe, kuma mai gyaɗa ba ya buƙatar a gabatar masa da shi. Bushiya sai dare, tana bin ƙwari da tsutsa a gindin danga. Damo, sarkin haƙuri, yakan shafe yawancin rani a rami ba ci, ruwa na zuba ya fito ya bi gyare da ƙadandoniya da kunama. Gafiyar da muke bi da sanda kuwa, 'yar'uwarta ce ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya tana shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a majina.

Wadda aka fi zalunta ita ce mujiya. Ana jifanta don an ce kukanta mugun abu ne, alhali abincinta ɓera ne, kusan kowane dare. Ɓeran nan shi ke cin hatsi a rumbu, kuma wani jinsinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Gidan da mujiya ke kwana a kukarsa ya samu mai gadi ba albashi.

Kallo ne kuma ke nuna wanda ya ɓace. Da can ba a yanka a mahauta ba tare da ungulaye sun jeru ba, yau yaro na iya girma bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa wannan ungulu ta gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba da cinikin sassan jikinta don magani na cikin manyan dalilai. Mushen da take kwashewa yanzu karnuka da ƙudaje ke gadonsa. Gauraka ma ta yi wuyar gani a duk Nijeriya.

Halin tsaro a wannan yanki ya sa ba wanda zai ba ka shawarar kutsawa daji mai nisa, kuma ba a buƙatar hakan. Gindin itace a gefen gona ya isa, bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Zauna rana na bayanka, ka rage motsi, ka bar kare a gida. Kada a zura hannu a rami ko a ƙarƙashin tarin kara, domin kububuwa da gamsheƙa ma maƙwabta ne. Bayan ruwa a duba sawu a kan laka, shi ke faɗin wanda ya wuce da dare. Ɗalibin da ke da littafi ya riƙa rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa da ranar ruwan shuka, bayan 'yan shekaru ya gwama su. Irin wannan rubutun na masu sa kai ne shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta tun 2015, ke tattarawa daga jihohi.

Gyaran ma ba na kuɗi ba ne. Manoman Maradi sun fara sassaben zamani a shekarun 1980, wato barin tohon kututture ana rage masa rassa maimakon a sare shi, kuma an ƙiyasta cewa itace ya dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Sabara da kalgo da gawo da ke gonakin Wurma haka suke tohowa in an ƙyale su. A bar zirin gamba a kan iyaka, mai feshi ya tsaya taku biyu kafin ya kai gare shi, a kuma gaya wa yara masu kiwo su bar sheƙar da suka tarar daga saukar ruwa zuwa fitar kan gero. Gambar dai da kaka za a yanke ta a yi zana, lokacin 'ya'yan zabi sun riga sun iya hawa itace.