Babba Mai Tsoron Yara

Maganarmu ta yau a kan wani nauyi ne da mutane da yawa ke ɗauke da shi a ɓoye.

Akwai mutumin da zai ja ciniki da dillalai goma, ko gezau ba zai yi ba. Amma in yarinya mai tallan gyaɗa ta tsaya bakin rumfarsa ta zuba masa ido, sai gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe, ya rasa abin faɗi. Watakila kai ne, ɗan'uwana. Watakila ke ce, 'yar'uwata. To, ku kasa kunne.

Wannan ba kunyar ɗan fari ba ce, wadda iyaye ke yi bisa ga al'ada har ba su kama sunansa. Wannan tsoro ne. Kana tsoron yaron zai fashe da kuka, ko ya yi maka tambaya a gaban mutane a yi maka dariya, gama yaro ba ya ɓoye abin da ke ransa.

Ka san wannan: jariri yakan soma ƙyuya tun yana wajen wata 8, ya ƙi baƙuwar fuska, ta kuwa kan ragu wajen shekara 2. In ya yi kuka a hannunka, ba ƙinka ya yi ba, lokacinsa ne. Ɗan shekara 3 ko 4 kuwa, tambayar "don me?" ita ce sana'arsa. Ba gwada ka yake yi ba.

Ga kuma yadda tsoro yake aiki. Duk ranar da ka kauce wa yara, zuciyarka takan yi sanyi nan take, amma gobe tsoron ya ƙaru. In ka daure ka zauna, bugun zuciya yakan sauka da kansa. Saboda haka maganinsa kusanta ne, kaɗan kaɗan.

Ka fara da yaro guda, ɗan maƙwabcin rumfa, a fili, a gaban iyayensa. Yau gaisuwa kawai. Gobe ka tambayi sunansa, ka riƙe shi. Ka durƙusa fuskarku ta zo daidai, gama wanda ke tsaye kamar kuka ne a idon yaro. Kada ka cafke shi, bari shi ya matso. In magana ta ƙare, ku sa hannu cikin aiki: ya taya ka ƙirga goro, ko jera tumatir kashi kashi. In ya tambayi abin da ya fi ka, ka ce, "Mu tambayi Baba." Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kada ka ce abin wasa ne. Yaro ba ya gane tsoron babba. In ka yi shiru ka juya baya, sai ya ɗauka ba ka sonsa. Haka ɗan ƙanenka, ko ɗan cikinka, zai girma yana ganinka baƙo. In kuwa tsoron ya kai ga hana ka barci ko shiga gidan 'yan'uwa, ka je asibiti ka gaya wa likita, gama ana taimakon irinsa.

Sannu ba ta hana zuwa. Gobe da safe, yaron farko da ya tsaya gabanka, ka riga shi gaisuwa. Allah ya ba da kasuwa. Sai wani jiƙon.