Gwajin Ƙarfin Soja da Tseren Shingaye a Matsayin Burin Motsa Jiki

Kalmar atisaye ta shigo Hausa ne ta ƙofar bariki, tare da 'yan uwanta irin su kurtu da fareti, amma a yau har 'yan ƙwallon unguwa sukan ce sun fita atisaye. Wannan faɗaɗar ma'ana tana nuni da yadda tarbiyyar jiki ta soja ta daɗe tana malalowa cikin rayuwar farar hula. A Amurka da Turai abin ya ɗauki wani salo: mutumin da bai taɓa sa kaki ba yakan ɗauki ma'aunin da ake gwada soja da shi, ko ya yi rajistar tseren tsallake shingaye, ya mayar da shi burin da yake horar da kansa dominsa. Maƙalar nan tana ganin dabarar tana da amfani, muddin an fahimci cewa ma'auni daban, horo daban.

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fara aiki da shi a 1980. Sassa uku ne: tura jiki sama da hannuwa daga kwanciyar rub da ciki na minti 2, tashi zaune daga rigingine na minti 2, sai gudun mil 2, wato kimanin kilomita 3.2. Kowane sashe yana da maki 100, kuma 60 ne mafi ƙarancin abin da aka riƙa karɓa. Namiji mai shekara 17 zuwa 21 ya kasance yana bukatar turawa 42, tashi zaune 53, da kammala gudun cikin minti 15 da daƙiƙa 54 kafin a ce ya haye. Cikakken maki a gudun kuwa sai a minti 13. An sassauta adadin gwargwadon shekaru da jinsi. Abin lura shi ne gwajin ba ya bukatar komai sai fili da agogo, domin an tsara shi ne don a auna dubban mutane cikin sauƙi da araha. Wannan arahar ce ta sa ya dace da ɗalibi ko ma'aikaci wanda ba shi da kuɗin gidan motsa jiki.

Tseren shingaye kuwa tushensa yana komawa ga Georges Hébert, hafsan sojan ruwan Faransa, wanda ya taimaka wajen ceton jama'a lokacin da dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinik a 1902. Abin da ya gani ya sa ya yi imani cewa ƙarfin da ba ya amfanar kowa ba ƙarfi ba ne, sai ya gina tsarin horo a kan gudu, tsalle, hawa, rarrafe, ɗaukar kaya da iyo. Daga nan filin shingayen horar da kurata ya samu siffarsa. Duk wanda ya yi zaman sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Nijeriya, ya hau igiya ko ya rarrafa ƙarƙashin waya, ya ɗanɗani ɓurɓushin wannan tsari. Mayar da shi gasar farar hula ya fara ne da Tough Guy a Ingila a 1987, sannan Tough Mudder da Spartan Race suka bayyana a Amurka a 2010. Mafi gajarta a tseren Spartan kilomita 5 ne da shingaye 20, mafi tsawo a manyan rukunansa uku kilomita 21 da shingaye 30.

Amfanin abubuwan biyu ga mai horar da kansa a fili yake. Niyyar “zan rage teɓa” ba ta da iyaka, don haka takan mutu a mako na uku. Gwajin soja yana ba mutum lamba, tsere kuma yana ba shi rana. Wanda ya san yau turawa 20 yake iya yi, kuma 42 ake nema, ya san nisan da ya rage masa. Haka nan gwajin yana tona asirin ɓangaren da aka yi watsi da shi: mai gudu yakan gano hannuwansa ba su iya ɗaga shi bisa katanga, mai ɗaga ƙarfe kuma numfashi ya yanke masa tun kafin mil na farko.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki gwajin a matsayin horon kansa. Rundunar Amurka da kanta ta gane cewa mutum zai iya cin maki 300 a tsohon gwajin alhali ba zai iya jan abokinsa da aka raunata ba. Shi ya sa a 2020 ta koma wani gwaji mai sassa shida a lokacin, wanda ya haɗa da ɗaga nauyi daga ƙasa da jan kaya da ɗaukarsu a guje, ta kuma jingine tashi zaune. Idan masu ma'aunin sun ga gazawarsa, bai kamata farar hula ya riƙe shi kamar nassi ba.

Akwai kuma abin da ba a gani a jikin takardar maki. Kurtu yakan bi ta hannun likita kafin a ɗauke shi, yana da mai horarwa, da abinci, da makonnin da aka jera nauyin aiki daki-daki, kuma duk da haka tsagewar ƙashin ƙauri da na ƙafa sananniyar cuta ce a wuraren horar da kurata. Mai kwaikwayo yakan ɗauki ƙarshen tsarin ya bar farkonsa. Misali mafi bayyana shi ne atisayen Murph, wanda aka sa wa sunan Michael Murphy, hafsan sojan ruwan Amurka da aka kashe a Afganistan a 2005: gudun mil 1, jan jiki sama a sanda sau 100, turawa 200, tsugunne da miƙewa 300, da wani mil 1, sau da yawa da riga mai nauyin kilo 9. Wanda ya auka masa ba shiri yana iya gamuwa da narkewar tsoka, inda sinadaran tsokar da ta lalace suke kwarara cikin jini su cutar da ƙoda. Alamarta ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, kuma asibiti take bukata ba hutu ba. Su ma shingayen ba wasa ba ne. A 2013 wani ɗan tsere ya nutse a ramin ruwa a gasar Tough Mudder a Amurka.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya gwada kansa sau ɗaya don sanin matsayinsa, ya zaɓi adadin rukunin shekarunsa ba na ɗan shekara 18 ba, ya nufi makin hayewa kafin cikakken maki, sannan ya bar gwajin sai bayan mako shida ko takwas. Tsakanin haka aikin na sannu ne: yawancin gudu a hankali, ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan, da ranakun hutu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara da ganin likita. Wanda kuma yake zaune inda zafin bazara kan haura digiri 40 sai ya tuna cewa ba a rubuta lokutan nan da rana irin tasa a zuciya ba, ya mayar da gudunsa bayan asuba.