Mantuwar Tsoho: Ba Kullum Shekaru Ba Ne

'Yan'uwa manoma, in tsoho ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya je gona ya kasa gane hanyar gida, mukan ce tsufa ne, waɗansu su ce sammu. Amma wani lokaci ƙwayar cuta ce ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Tunjere yakan ɓuya a jiki shekara 10 ko 20, sa'an nan ya rikita hankali. A 1913 aka fara ganin ƙwayarsa cikin ƙwaƙwalwar masu irin wannan ruɗewa. Allurar fenisilin tana kashe ta. Ƙanjamau ma, in ba a shan magani, yakan kawo mantuwa. Sanƙarau kuwa mun san shi. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, har Asibitin Zana na Kano, wajen Sabon Gari, ya cika maƙil. Cikin waɗanda suka tashi, wani ya kurmance, wani hankalinsa bai komo daidai ba.

Saboda haka kada ku kulle mai ruɗewa a ɗaki. Ku kai shi asibiti da wuri a gwada jininsa, gama magani yana tsai da ɓarna, amma bai cika gyara abin da ya riga ya lalace ba. Yara kuma, a kai su rigakafi.