Idan Lissafi Ya Ƙi Daidaita, Wa Ake Fara Tuhuma?

Tun da Sir Wyn Williams ya fitar da kashin farko na rahoton bincikensa kan badaƙalar gidan waya na Birtaniya a watan Yulin 2025, masu sharhi da yawa ke ɗaukar lamarin a matsayin labarin kwamfutar da ta lalace. Wannan fahimta ta gaza. Manhajar lissafi takan yi kuskure, musamman bayan an sabunta ta, kuma duk akantan da ya daɗe a bakin aiki ya san haka. Abin da ya jefa bayin Allah kurkuku shi ne shugabannin da suka gwammace su gaskata na'ura su ƙaryata ma'aikacinsu.

Matakan gano matsalar ba ɓoyayyu ba ne. Kafin a sabunta, a ajiye kwafin bayanai, a rubuta jimillar kowane asusu, bayan an gama a gwada. A tabbatar duk kwamfutocin da ke haɗe da uwar na'ura sun hau sabon zubi tare. Sannan a duba kundin da manhaja ke rubuta duk abin da ya gudana, musamman daidai lokacin da sadarwa ta yanke, domin a nan ne ciniki ɗaya kan shiga sau biyu.

Gidan wayar Birtaniya ya fara amfani da manhajar Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a 1999. Ba a daɗe ba masu kula da ƙananan rassa suka fara ganin giɓin kuɗin da ba su san daga inda ya fito ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka buga waya neman taimako sai a ce musu su kaɗai ke da wannan matsala. Gidan waya kuwa ya fake da yarjejeniyar aikinsu ya ɗora musu biyan duk abin da ya ɓace. Wasu suka sayar da gidajensu, wasu suka amsa laifin da ba su yi ba don gudun ɗauri. Daga 1999 zuwa 2015 an samu sama da mutum 900 da laifi.

A 2010 aka sauya zuwa Horizon Online, sabon zubin ya zo da nasa aibin, wanda ya sa kuɗin shiga da na fita suka riƙa saɓawa a wasu rassa. A garin Dalmellington na Sukotland, allon kwamfuta ya daskare ana cikin tabbatar da karɓar kuɗi, duk latsawa sai ta sake shigar da adadin, har giɓi ya kai fam 24,000. Ma'aikatan Fujitsu na iya taɓa asusun reshe daga nesa, gidan waya kuma ya yi shekara da shekaru yana musanta hakan. Sai da Alan Bates, wanda shi ma tsohon mai kula da reshe ne, ya jagoranci mutum 555 zuwa Babbar Kotu, Mai Shari'a Fraser ya tabbatar a 2019 cewa manhajar na da kurakurai. A 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Rahoton Williams ya ce mai yiwuwa mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i.

Tarihin da aka manta shi ne na doka. A 1999 Birtaniya ta soke sashen dokar da ya wajabta wa mai ƙara nuna cewa kwamfuta na aiki daidai kafin a karɓi shaidarta. Nauyi ya koma kan wanda ake tuhuma, wanda ba shi da ikon leƙa cikin na'urar.

Najeriya tana da irin kariyar da Birtaniya ta soke a sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kuma wajibi ne alƙalanmu su daina kallon takardar tabbacin da ya tanada kamar cika ƙa'ida kawai. A 2024 manyan bankunanmu da dama sun sauya manhajarsu, abokan hulɗa suka sha wahala kwana da kwanaki. Ruwa ba ya tsami banza. Duk manajan da ya ga giɓi washegarin sabuntawa, ya kira injiniya ya buɗe kundin na'ura tukuna. Wanda ya miƙa kashiya ga 'yan sanda kafin wannan bincike zalunci ya yi, kuma Allah zai tambaye shi.