Gidajen Gem na Mabera: Yaranmu Suna Bugawa, Wa Zai Ƙera?

Duk wanda ke ratsa lungunan unguwar Mabera bayan la'asar ya san ɗakunan nan: labule a ƙofa, janareta na ruri a waje, talabijin jingine da bango, yara sun cika benci, biyu suna fafatawa, sauran na jiran a cinye wani su karɓa. Galibi ƙwallo ake bugawa, FIFA ko PES, a kan PlayStation, na'urar da Sony ya fitar a Japan a 1994. Iyaye da yawa ba sa ganin komai a wurin sai asarar lokaci da kuɗi. A ganina abin da ya fi cancantar damuwa shi ne, duk abin da ke motsi a allon nan, daga ciyawar fili har inuwar ɗan wasa, wani ne ya zauna ya zana shi, ya lissafa shi, kuma ba a garuruwanmu aka yi aikin ba.

Alhali sana'ar ba baƙuwarmu ba ce, domin kwamfuta ta sha nonon saƙa. A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Jacquard ya ƙera masaƙa a birnin Lyon na Faransa wadda ke karanta kati mai huji: hujin ne ke faɗa wa kowane zare ya ɗaga ko ya kwanta, har ado ya fito a jikin yadi. Wannan dabarar Charles Babbage na Ingila ya ara don injin lissafinsa, Ada Lovelace kuma ta bayyana a 1843 yadda za a jera wa injin umarni. Hoton wasan bidiyo ɗigo-ɗigo ne a jere, kowanne da launinsa da gurbinsa, kuma mai ɗinkin hula da ke ƙirga zare kafin ya soka allura ya san wannan tunanin sarai. Ta fuskar lissafi ma muna da gado. A 1732 Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan ƙa'idar cika gidajen hatimi da lambobi, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ga kuma dara, wadda dattawa ke yi a ƙasa da tsinke da tsakuwa: gurabu a jere, doka tsayayya, mai dabara ya ci. Ƙashin bayan kowane wasan kwamfuta ke nan.

Masu suka suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Akwai yaron da gem ke hana shi Islamiyya, akwai mai barin sallah ta wuce, akwai inda ake sa kuɗi abin ya koma caca. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Sai dai duk wannan illar ta mai bugawa ce ba tare da ƙa'ida ba. Yaron da aka zaunar ya gina wasa dole ya koyi lissafi da zane da tsara labari, ya kuma koyi haƙuri, domin harafi ɗaya ya kuskure, komai ya tsaya. Mai ƙyamar hoton abu mai rai kuwa ya dubi Tetris: tubala ne kawai ke faɗowa, amma yana cikin wasanni 14 da gidan adana fasaha na MoMA a Amurka ya karɓa a 2012.

Wani zai ce ina wuta, ina kayan aiki? Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri Tetris ɗin nan a Masko a 1984 kan kwamfutar da ba ta iya nuna hoto, da alamomin rubutu ya haɗa tubalan. Wayar da ke aljihun ɗan Mabera ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A Kamaru, matasan Kiro'o Games sun sha fama da ɗaukewar wuta, duk da haka suka fitar da Aurion a 2016. Mu ma muna da dambe da kokawa da hawan sallah da tatsuniyoyin Gizo, duk suna jiran mai zana su. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan tun 1975, tana yaye masu ilimin kwamfuta. Ɗalibanta da malaman makarantun Mabera su ware ko da yammacin Asabar, su shiga gidajen gem ɗin nan, su nuna wa yaran yadda ake gina abin da suke bugawa.