Katin rigakafi a ƙofar kwaleji: Wane uzuri ne ke karɓuwa, na likita ko na addini?

Daga Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal, da wuya ka rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya a wata kwalejin koyon aikin lafiya mai zaman kanta. Irin waɗannan makarantu sun yawaita a Kano, kuma iyaye na tururuwar kai 'ya'yansu saboda ƙarancin gurabe a na gwamnati.

Cikin takardun da aka saba nema wajen rajista akwai shaidar lafiya. Ga ɗalibin da zai shiga asibiti koyon aiki, ko mai shirin karatu a ƙasar waje, maganar kan kai ga rigakafi: an yi maka? Ina katin? A nan ne wasu iyaye ke fara neman hanyar da za a ɗauke wa ɗansu allurar, da takardar likita ko da hujjar addini.

Inda tsoron ya samo asali

Ɗari-ɗarin da Kanawa ke yi da allura yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ajalinsu, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan maganin cuta ne, ba rigakafi ba, sai dai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi.

A 2003, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin an gurɓata shi da maganin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru da kaɗan bayansu su ne samari da 'yan matan da ke cike fom ɗin kwaleji a yau. Da yawansu ba a kammala musu alluran yarinta ba, wasu kuma katin ya daɗe da ɓata.

Sakamakon wannan giɓi ya fito fili da annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma Dala na cikin ƙananan hukumomin da ke sahun gaba, tare da Ungogo da Fagge. Hukumomin lafiya sun ce akasarin waɗanda suka kamu ba su da cikakken rigakafi.

Me ya sa makaranta ke tambaya?

Ɗakin kwanan ɗalibai wuri ne da cuta ke saurin yaɗuwa. A farkon 2024 sanƙarau ya kashe ɗalibai a makarantun kwana na yankin Potiskum da Fika a Jihar Yobe. A watan Maris na 2025 mashaƙo ya ɓulla a King's College da ke Legas, ɗalibi ɗaya ya rasu.

Ɗalibin aikin jinya ko na ɗakin gwajin jini yana da ƙarin haɗari, wato ciwon hanta nau'in B. Idan allurar da aka yi wa mai cutar ta soki wanda ba shi da rigakafi, yiwuwar kamuwa kan kai kashi 30 cikin 100. Sabon shiga, wanda hannunsa bai faɗa ba, shi ya fi tsire kansa. Rigakafin allura uku ne: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Najeriya ta sa shi cikin alluran jarirai ne a 2004, don haka akwai manya da dama da ba su taɓa samu ba.

Uzurin likita

Wannan uzuri gaskiya ne, amma ƙofarsa ƙarama ce. Wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bori bayan wata allura, har numfashi ya sarƙe, ba a sake yi masa irinta. Alluran da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar ta ƙyanda, ba a yi wa mai juna biyu ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, misali mai shan maganin ciwon daji. Wanda ƙwai ke tayar wa da bori mai tsanani sai ya sanar da likita kafin allurar shawara. Mai zazzaɓi mai zafi kuwa jinkirta masa ake yi har ya warke.

Mai amosanin jini ko ciwon suga ba ya cikin wannan jeri. Shi ne ma ya fi buƙatar kariya. Takardar uzuri ta gaskiya takan ambaci allurar da ake nufi, da dalili, da tsawon lokacin da za a ɗaga ƙafa.

Uzurin addini

Neman a ɗauke wa ɗalibi allura saboda addini ya fi shahara a Amurka. Duk jihohinta 50 suna karɓar uzurin likita, akasarinsu kuma suna karɓar na addini a makarantun yara. Kalifoniya ta soke shi a 2015, New York ta bi sahu a 2019 bayan ɓarkewar ƙyanda. Kwalejoji masu zaman kansu a can kan gindaya nasu sharuɗɗan, don haka ɗan Dala da ya samu gurbi sai ya karanta ƙa'idar makarantarsa tun kafin ya sayi tikiti.

A gida, sashe na 38 na kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin addini, sashe na 45 kuma ya halatta dokar da za ta taƙaita shi don kare lafiyar jama'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mutum haƙƙin a yi masa bayani, da haƙƙin ƙin karɓar magani bayan an faɗa masa abin da zai iya biyo baya.

Ta fuskar Musulunci, manyan cibiyoyin fatawa ba su tsaya wa mai ƙin rigakafi ba. Jami'ar Azhar da Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda suna cikin waɗanda suka kafa kwamitin malamai na yaƙi da shan-inna. Ko a Indonesiya, inda majalisar malamai ta ce a 2018 an yi amfani da sinadarin alade wajen haɗa wata allurar ƙyanda, ta halatta ta saboda larura. A nan kusa, marigayi Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun fito fili sun goyi bayan rigakafi. Kuma kowane maniyyaci daga Dala ya san Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau da ta shawara, kuma a layi yake tsayawa a yi masa.

Hanyar da ta fi

Sau da yawa, abin da ake kira uzurin addini rashin yarda ne da aka gada daga 1996. Maganinsa bayani. Makarantar da ke karɓar kuɗin iyaye ya kamata ta faɗa musu wace allura ake nema, don me, kuma a ina za a samu ingantacciya. Iyaye na da damar tambayar sunan maganin da ranar lalacewarsa, a kuma rubuta lambarsa a kati.

Babban haɗarin shi ne sayen katin jabu ko takardar likita ta ƙarya. Takarda za ta wuce teburin rajista, amma ba za ta kare yarinyar da allura ta soka a ɗakin haihuwa da tsakar dare ba. Wanda katinsa ya ɓata ya je asibitin gwamnati mafi kusa a duba shi, a gwada jininsa idan akwai buƙata, a fara masa abin da ya rage tun kafin lokacin shiga asibiti koyon aiki ya zo.