Aikin Lissafin Inshora a Alƙahira: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Yaro Ya Kama Hanya



An daɗe ana tura yara karatu Alƙahira daga ƙasashenmu. Tun wajen shekara ta 1242 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina Makarantar Ibn Rashiƙ a tsohon birnin domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Barebari suka sami nasu sashen kwana a Masallacin Azhar. Har yau idan aka ce a Nima ko Aboabo ɗan wane yana Masar, abin da ke zuwa rai shi ne Alƙur'ani, fiƙihu da Larabci, wani lokaci likitanci. Akwai kuma wani fanni da ake koyarwa a birnin wanda yaro mai kaifin lissafi zai iya riƙe gida da shi, ya kuma amfani jama'a. Turawa suna kiran mai wannan sana'a akcuwari, Misirawa kuma suna ce masa khabir iktuwari. Hanyarsa tana da tsawo, tana cin kuɗi, kuma digiri kaɗai ba ya kai mutum ƙarshenta. Shi ya sa ya dace iyaye su san ta tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Mene ne aikin?

Mu ɗauki misali da abin da kowa ya sani, wato asusun taimakon juna. A ce ƙungiya tana da mutum 1,000, an yi alkawari duk wanda ya rasu za a ba iyalinsa sidi 5,000. Idan a shekara mutum 8 ke rasuwa, ana bukatar sidi 40,000, wato kowa ya zuba sidi 40. To, ranar da shekara ta zo da zafi aka rasa mutum 14, ana bukatar sidi 70,000, asusu ya gaza da 30,000. Idan kuma aka yi shekara goma sha biyar 'yan ƙungiya suna tsufa, samari ba sa shigowa, har rasuwa ta kai 20 a shekara, zubin da zai riƙe alkawarin ya haura sidi 100. Wanda bai hango wannan ba zai ci gaba da karɓar 40, marayun farko su samu, na baya su tarar da akwati wayam, daga nan a fara zargin ma'aji alhali ba abin da ya ci.

Aikin akcuwari ke nan. Shi ke faɗin nawa ya kamata kowa ya zuba, nawa za a ajiye saboda shekarar da za ta zo da nauyi, da kuma ko alkawarin da aka ɗauka yau zai biyu nan da shekara talatin. Haka yake yi wa kamfanin inshorar mota, asusun fansho da asusun kiwon lafiya. Kayan aikinsa su ne lissafi, ƙididdiga, sanin kuɗi da kwamfuta. Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau, kuma a 1762 aka kafa kamfanin Equitable a Landan wanda ya ɗora zubin kowa bisa shekarunsa.

Tambayoyi biyu da dattawa kan yi

Ta farko: wannan ba shiga gaibu ba ne? Akcuwari bai san wanda zai mutu ba, bai san rana ba, wannan na Allah ne Shi kaɗai. Abin da yake yi shi ne duba abin da ya riga ya faru ga jama'a masu yawa, sannan ya yi tanadi. A ƙungiya mai mutum hamsin ana iya shekara ba a rasa kowa ba, wata shekara a rasa uku. Idan mutane suka kai dubu ɗari kuwa, adadin ba ya yin nisa da na bara. A wannan ƙasa ta Masar ne Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tara hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari.

Ta biyu: inshora ta halatta? Malamai sun yi saɓani, kuma maganar ta tsufa, domin Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya tattauna inshorar kayan jirgin ruwa. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma amince da ta taimakon juna. Wasu malamai, irin su Shehu Mustafa Zarƙa, sun halatta ta, kuma Darul Ifta ta Masar ta ba da fatawar halacci. Kowane gida ya koma ga malamin da yake bi.

Wanda ya tsaya kan ra'ayin farko ma ƙofa a buɗe take gare shi, saboda akwai takaful. Kamfanin farko irin wannan an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi dokarsa a 1984. A takaful, abin da mutum ya zuba kyauta ce ga asusun 'yan'uwa. Kamfani wakili ne da ake biya ladan kula da asusun, ko abokin mudaraba a wajen juya kuɗin, kuma ba a juya su ta hanyar riba. Idan an sami rara ana iya mayar wa masu zubi, idan asusu ya gaza masu kamfani su ba shi rance marar ruwa. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai sai da lissafi: nawa ne rarar da za a raba ba tare da an cuci na baya ba, yaushe asusu zai iya biyan rancen. Saboda haka takaful ma ba ta tafiya sai da akcuwari.

Me ya sa Alƙahira?

Masar ta daɗe a harkar. An kafa kamfanin inshora na Al-Ahliyya a 1900, sai Misr Insurance a 1934 cikin kamfanonin da Tal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Misr, ya assasa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasashen Larabawa da ta ƙasashen Afirka da Asiya, duka an kafa su a 1964, kuma hedikwatarsu tana Alƙahira. Kamfanin Africa Re, wanda ke yi wa kamfanonin inshora inshora, an kafa shi a 1976 da hedikwata a Legas, yana da ofishin yanki a Alƙahira, kuma a nan ya buɗe reshensa na takaful a 2010.

Dokoki ma sun ƙara bukatar masu wannan ilimi. Hukumar FRA, wadda aka kafa da doka ta 10 ta 2009, ita ke sa ido kan inshora, kuma ita ke riƙe da rajistar waɗanda aka yarda su sa hannu a rahoton lissafin kamfani. Doka ta 2 ta 2018 ta kawo inshorar lafiya ga kowa, aka fara da lardin Fot Sa'id a 2019. Doka ta 148 ta 2019 ta sake fasalin fansho, inda shekarun ritaya za su hau a hankali zuwa 65 nan da 2040. A 2024 kuma aka yi doka ta 155 wadda ta haɗe dokokin inshora wuri guda. Ban da wannan, tun 1 ga Janairu 2023 sabon tsarin rahoton kuɗi na duniya, IFRS 17, ya fara aiki, ya ƙara wa kamfanoni nauyin lissafi a ƙasashe da yawa.

A ɓangaren karatu, Jami'ar Alƙahira, wadda aka kafa a 1908, tana da sashen wannan fanni a tsangayar kasuwanci da ke Giza. Jami'ar Amurka ta Alƙahira, wadda aka kafa a 1919, tana ba da digiri a kansa da Turanci, amma mai zaman kanta ce, kuɗinta kuma yana da nauyi ƙwarai. Jami'ar Azhar ta sami tsangayoyin zamani, har da na kasuwanci, bayan gyaran 1961, kuma tana da Cibiyar Salih Kamil ta nazarin tattalin arzikin Musulunci. Ɗalibin da ke birnin yana iya karanta lissafinsa da rana, ya zauna gaban malaman fiƙihun mu'amala a zaurukan Masallacin Azhar idan ya sami sarari. Wannan haɗi shi ne babban abin da Alƙahira ta fi wurare da yawa da shi, domin kamfanin takaful yana neman wanda zai iya magana da kwamitin shari'a da harshensu, ya kuma yi wa hukuma bayani da alƙaluma.

Digiri mataki ne na farko

A nan ne gidaje da yawa kan ruɗe. Wanda ya gama shekara huɗu ya fito da digiri bai zama cikakken akcuwari ba tukuna. Ana zama ne ta cin jarrabawar ƙungiyoyin sana'ar. Manya biyu su ne IFoA ta Ingila, wadda asalinta ya koma 1848, da SOA ta Amurka da aka kafa a 1949. Jarrabawoyin suna da yawa, da Turanci ake yin su, ana biyan kowace da kuɗin waje, kuma faɗuwa a cikinsu ba abin mamaki ba ne ko ga haziƙai. Ana fara kai wa matakin tsakiya, sannan na ƙoli, kuma galibi sai an ƙara shekara biyar ko fiye bayan digiri. Abin sauƙi shi ne mutum yana aiki yana karɓar albashi yake ci gaba da su, kamfanoni da dama kuma suna biya wa ma'aikacinsu kuɗin jarrabawa, su ba shi ranakun karatu.

Don haka ɗalibin da ke son ya fi sa'o'insa ranar neman aiki ya kula da abubuwa huɗu tun yana jami'a. Na ɗaya, ya ci jarrabawa ɗaya ko biyu kafin ya gama. Jarrabawoyin farko na SOA, wato P da FM, sun yi daidai da abin da ake koyarwa a shekara ta biyu da ta uku, kuma ƙungiyoyin biyu suna da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Na biyu, ya nemi horon sanin makamar aiki a hutun bazara, a kamfanin inshora, kamfanin takaful, ofishin masu binciken kuɗi ko asusun fansho, ko da ba a biyansa komai. Na uku, ya ƙware a Excel, ya koyi R ko Python da SQL, domin da su ake aikin yau da kullum. Na huɗu, ya riƙe harsuna biyu da kyau: Turanci don jarrabawa, Larabci don ofis da littattafan fiƙihu. Ɗan Nijar ko Togo da ke da Faransanci ya ƙara samun wata ƙofa.

Bayan an gama, ina za a nufa?

Kada a ɗora lissafi kan cewa yaro zai zauna a Masar ya yi aiki. Takardar zama ta ɗalibi ba izinin aiki ba ce, kuma dokar ƙasar ta taƙaita yawan baƙin da kamfani zai ɗauka. Wasu kan nufi ƙasashen Tekun Fasha, inda kasuwar takaful ke da ƙarfi, amma aiki yana nan a gida. A Gana akwai SSNIT, da hukumar inshorar lafiya ta NHIS da aka yi wa doka a 2003, da hukumar NIC mai sa ido kan kamfanoni. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya. Nijar, Togo, Benin, Burkina Faso da Kodebuwa suna ƙarƙashin doka guda ta CIMA tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992.

Sannan a sani cewa ba lallai sai an je Masar ba. Ana koyar da fannin a Legon, da KNUST a Kumasi, da Jami'ar Legas, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma jarrabawar IFoA ko SOA ɗaya ce ko daga ina aka rubuta ta. Gidan da kuɗin waje zai yi wa nauyi ya bar yaro ya karanta a gida, a ajiye abin da ake da shi don jarrabawa. Wannan ya fi a ci bashi a kai shi Alƙahira, ya dawo da digiri ba ko jarrabawa ɗaya a hannu.

Abin da iyaye za su bincika

A fara da yaron kansa. Shin yana son lissafi da gaske, ya kuma yi lissafi mai zurfi a sakandare ya ci da kyau? Wannan hanya ta mace ce kamar yadda take ta namiji, aikin ofis ne, kada a hana yarinya mai kai saboda ba a saba ba. Sannan a nemi gurbi ta hanyar hukuma. Jami'o'in gwamnati suna karɓar baƙin ɗalibai ta ofishin Wafidin na ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuɗin makarantar baƙi kuma da kuɗin waje ake biya. A tambayi ofishin jakadancin Masar da ƙungiyar ɗaliban ƙasarku da ke Alƙahira kafin a miƙa wa wani ɗan tsakiya ko sisi. A tambayi jami'ar a rubuce: da wane harshe ake koyarwa, wace takardar sakandare suke karɓa, kuma ko darussansu suna ɗauke wa ɗalibi wasu jarrabawoyin IFoA ko SOA. A ƙarshe a zauna a lissafa kuɗin shekara huɗu gaba ɗaya, da haya, da abinci, da sabunta takardar zama, da kuɗin jarrabawa biyu na farko.

Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyinmu masu tallafa wa ɗalibai su ma su sa wannan a ido. Tallafi yakan tsaya ga kuɗin makaranta, alhali kuɗin jarrabawar farko, wanda bai kai nauyin na makaranta ba, shi ne sau da yawa ke raba ɗan mai hali da ɗan talaka a wannan sana'a. Idan an biya wa ɗalibi, a roƙe shi idan ya zo hutu ya zauna da ma'aji su duba littafin asusun jana'iza ko na marayu na unguwa: mutum nawa ke zubi, shekarunsu nawa, nawa aka biya a shekara biyar da suka wuce, zubin yau zai riƙe alkawarin nan da shekara goma ko kuwa. Shi ya sami abin gwada hannu, unguwa kuma ta san inda asusunta ya tsaya tun kafin ya gaza.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.